Ƙwanƙwasar da Na Yi wa Baƙin Kwano

Duk wanda ya san ni a Riyad ya san bakina ba shi da birki. In na ga ɓera a kicin da safe, kafin in kai labarin unguwar Batha da yamma ya zama ɗan maraƙi mai ƙaho. In rana ta buɗe, sai in ce na soya ƙwai a kan murfin mota har ɗan sandan hanya ya tsaya ya roƙi loma. Kuma kowane labari sai na barbaɗa masa wallahi biyu da tallahi ɗaya, kamar mai tsire da yaji. Allah Ya yafe mini. Na fara da wannan ne don ku san irin mutumin da ke magana, domin abin da zan ba ku yanzu ban ƙara masa ko ƙwayar gishiri ba.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa wani dattijo Balarabe. Shi ne kafilina, wato a ƙarƙashin sunansa iƙamata take, katin zaman nan da in ya ƙare ba a sabunta ba sai ka fara gaisawa da jirgi. Gidansa yana gefen Dir'iyya, inda tun da na zo ake fasa dutse ana gini, yau ka bi hanya, gobe ka tarar an naɗe ta an kai wani wuri. Baba nake ce masa. Shi kuwa "ya kazzab" yake kirana, wato maƙaryaci, amma da irin muryar da mutum ke kiran jikansa. Ya ce tun da ya ɗauke ni bai ƙara kunna rediyon mota ba.

Yana saurayi ya yi shekaru a Japan yana sayo kayan gyaran mota. Abin da ya dawo da shi daga can, ban da 'yan kalmomin da yake yi wa kansa faɗa da su in ya yi tuntuɓe, shi ne tsofaffin kwanonin shan shayi guda bakwai na yumɓu. Kowanne da rigarsa ta siliki, da akwatinsa na katako marar nauyi, da igiyar ɗaure akwatin, da rubutun tawada a murfi. Kowanne kuma da sunansa, sai ka ce an yanka masa rago. Ni da nake mutum ɗan mutum akwati ɗaya gare ni, shi ma zif ɗinsa ya mutu.

Ranar da ya fara nuna mini wanda ya fi so, na zaci zinariya zan gani. Sai ga wani baƙin abu, bakinsa a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ga wani tabo a jikinsa kamar an cije shi.

Na ce, "Baba, an cuce ka. A garinmu irin wannan ake zuba wa kaji ruwa, su ma kajin sai sun kai ƙara wajen mai unguwa."

Ya yi dariya, ya ce, "Zauna, ya kazzab. Cire zobenka da agogonka tukuna. Ba a taɓa shi da ƙarfe a hannu."

Na cire. Ya ce wanda ya gina kwanon ya mutu tun kafin a haifi kakan kakan kakana. Da tafin hannu ya matse shi, ba na'ura, sannan ya yi kwanaki yana kankare shi da 'yar wuƙa har ya ji ya daidaita da hannun mai sha. Shi kaɗai aka sa a wuta, aka zaro shi yana ja wur da awartaki, kuma tabon da na ce cizo ne, wurin da awartakin ya kama ne. Ya ce a gidan waɗannan magina, yumɓun da mutum ke aiki da shi ba shi ya haƙo ba. Kakansa ne ya haƙo ya ajiye masa, shi kuma sai ya haƙo wa jikan da ba zai gani ba.

Sai ya ɗora mini shi a tafin hannu. Ba nauyi, kamar ƙoƙo. Yatsuna suka faɗa cikin wasu 'yan lotse-lotse da ido ba ya gani, ɗaya bayan ɗaya, kamar da hannuna aka auna. Ji na yi wani mamaci ya miƙo hannu muna musabaha. Ranar nan har muka je masallaci muka dawo ban saki ƙarya ko ɗaya ba, Baba ya tambaye ni ko zazzaɓi nake yi.

Abin da bai sani ba a lokacin shi ne Innata maginiyar tukwane ce. A cikin yumɓu na tashi, ni ke kwaɓa shi da ƙafa, ni ke ɗaukar tuluna zuwa kasuwa, kuma da na yi wayo na gudu tasha don kada in ƙare a wannan sana'a. Ta rasu ina nan. Ta gina abin da zai cika birnin Riyad, amma ko tsingaro ɗaya na hannunta ban mallaka ba. Abu guda ta bar mini, shi ma a yatsa. A kasuwar tukwane ba a yarda da ido, don tsaga tana ɓuya. Sai ka ɗaga tukunya, ka lanƙwasa yatsa, ka ƙwanƙwasa. Mai lafiya takan amsa maka tas, mai ciwo sai dai ta yi gunaguni. Duk abin da ya fito daga wuta sai Inna ta ƙwanƙwasa shi, har kaina takan ƙwanƙwasa ta ce wannan bai gasu ba. Haka na tashi. Kankana, tayar mota, ƙofar firji, in dai abu ya shigo hannuna yatsan nan ya yi aikinsa kafin in sani.

Wata rana Baba ya tambaye ni me muke kiran irin waɗannan kaya da Hausa. Na ce tangaran, amma sunan da mata suka sa masa shi ne faɗi-ka-mutu. Na fassara masa da Larabcina na bakin titi. Ya yi dariya har da tari, har 'yarsa ta leƙo ta ga ko lafiya. Da ya nutsu ya share ido, ya ce, "Mu tsofaffi ma ai sunanmu ke nan."

A lokacin idanunsa sun fara dushewa, hannayensa sun fara rawa. 'Ya'yansa maza sun karɓi shagonsa na kayan gyaran mota. Babbar 'yarsa, wadda ke riƙe da gidan, ta ɓoye masa makullin mota tun da daɗewa. Maɓallin rigarsa ma ni nake sa masa. Abu ɗaya ya rage da yake yi da hannunsa daga farko har ƙarshe, shi ne shayin nan. Kullum kafin la'asar nakan kwance igiya, in fito da kwano, in ajiye a kan ƙyalle a ƙasa. Shi zai zuba koren gari, ya tsiyayo ruwa daga butar ƙarfe, ya kaɗa da wani ɗan maburgi na gora har ya yi kumfa. Ɗanɗanonsa kamar miyar kuka ce da aka manta gishiri, na sha sau ɗaya na roƙi gafara. Amma in ya rungumi baƙin kwanon nan da hannu biyu, rawar takan lafa. Na gani da idona, ba sau ɗaya ba.

Ranar da abin ya faru Talata ce. Ya gama sha, zai ajiye, hannunsa ya fizga, bakin kwanon ya ɗan gogi butar ƙarfe. Ƙit, ƙarar ba ta fi ta faɗuwar tsakuwa ba. Ya yi salati, ya shafa bakin da yatsa, bai ji komai ba, ya ce, "Alhamdu lillahi." Aka kira salla, ya tashi ya tafi alwala.

Ni kuma na wanke hannu na mai da zobena na azurfa, sai zuciyata ta ce bari dai in duba. Na ɗauki kwanon na kai bakin taga, na juya shi a cikin haske. Lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Da a nan na tsaya, da ba ku karanta wannan ba. Amma ni ɗan Inna ne, ban yarda da ido ba. Na lanƙwasa yatsa na ƙwanƙwasa.

Bai amsa tas ba. Wata ƙara ya yi mai kauri, can ƙasa, irin gunagunin tukunya mai ciwo. Daga baya na san cewa irin wannan kwano haka muryarsa take tun ran da aka haife shi, don jikinsa laushi gare shi, ba a gasa shi don ya yi ƙara ba. A lokacin ban sani ba. Na ce a raina ko ban buga da kyau ba ne. Na juya hannu na sake bugawa, wannan karon da bayan yatsan da zoben yake.

Ƙas.

Ina kallo tsagar ta taho daga baki ta gangaro, siririya kamar gashi, ta tsaya a tsakiya. Abu ya tsallake girgizar ƙasa, ya tsallake yaƙe-yaƙe, ya hau teku, ya zo hamada, sai ga shi ɗan maginiya ya gama da shi a garin duba lafiyarsa. Na sa masa rigarsa, na mai da shi akwati, na ɗaure igiya, na bi Baba masallaci. Ban san abin da liman ya karanta ba, ko da yake la'asar ce, ba a bayyana karatu, amma ni ko raka'a nawa muka yi ban sani ba.

Washegari ya ce in kawo baƙin. Na kawo, na ajiye da tsagar tana kallona, sai ka ce hakan zai hana. Mutumin da idonsa ya tafi, yatsunsa ne idonsa. Babban yatsansa ya zagaya bakin kwanon ya tsaya. Ya koma baya, ya sake tsayawa. Ya daɗe a haka.

Ya ce, "Butar nan ce ta jiya."

Ga ƙofa a buɗe. Kalma uku ce, ni ne Baba. Amma saura wata ɗaya iƙamata ta ƙare, kuma na san 'yarsa, in ta ji, kafin a yi sallar isha'i an buga mini fita ba dawowa. Na tuna yarana a gida. Ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba, na sunkuyar da kai na yi shiru.

Ya ɗaga hannayensa ya kawo su kusa da fuskarsa yana kallonsu, suna rawa. Ya ce, "Hannu nawa suka riƙe shi kafin nawa, ba wanda ya ci amanarsa. Mai da shi, ɗana. Mai da su duka."

Bai ce ya kazzab ba. Ɗana ya ce.

Daga ranar bai ƙara taɓa ko ɗaya ba. Ya ce a sayo masa kofin roba, irin mai hannu biyu. A ciki yake shan ruwa, a ciki yake shan shayin jaka da mai aiki ke haɗa masa. In lokacin shayinsa ya yi sai ya zauna a ɗakin, hannayensa a cikin hammata kamar wanda ya kama ɓarayi biyu yana jiran hukuma. Cokali ma ya daina ɗauka a gaban mutane. Jikarsa jaririya da aka kawo masa, ya ƙi karɓa, ya ce a ɗora ta a cinyarsa kawai, kada ta faɗi.

An sabunta iƙamar. Shi da kansa ya tuna wa 'yarsa.

Ni kuwa ƙarar nan ta tare a kunnena. In na kunna sigina, ƙas, ƙas, ƙas. In mai shayi ya buga cokali a kofi, ita ce. Masu fasa dutsen Dir'iyya kuwa sai na ga kamar hayarsu aka yi don ni, tun safe har rana ta faɗi. Na cire zoben na jefa a aljihun mota, ya riƙa ƙara a duk kwana, na fito da shi na cusa a cikin safa. Wani lokaci da tsakar rana ina jiran Baba a ƙofar asibiti, sai in ji lotse-lotsen nan a tafin hannuna, alhali sitiyari nake riƙe da shi. In ji kamar maginin yana tsaye a bayan kujera, ba ya faɗa, ba ya zagi, jira kawai yake yi. Gefensa kuma Inna, da yatsanta a lanƙwashe.

Ran Juma'a na je unguwar Al-Oud wajen wani abokina tela, Bazazzage, da muka zo ƙasar nan shekara ɗaya. Shagonsa ba nisa da katangar maƙabarta. Yana ganina ya ce, "A'a, bawana! Yau kuma zaki nawa ka kashe a hanya?"

Na ce, "Rufa mini asiri, yau ba wasa na zo ba."

"Bakano ba wasa? To ciniki ne. Zauna, amma kada ka taɓa almakashina, na ƙirga su."

Na ba shi labari tun daga buta har kofin roba. Ya tsai da keke. Ya dube ni, ya ce, "Tsaya. Wannan na gaske ne ko irin na ɓeran nan mai ƙaho?"

"Wallahi na gaske ne."

"Ai na ɓeran ma wallahi ka ce."

Ya cire tabarau ya ajiye, ya ce, "Kasko ne fa, malam. Da kasko ne kaɗai, sai in ce ka yi istigifari ka ja bakinka. Amma ba kaskon ka fasa ba. Ka bar tsoho yana tuhumar hannunsa da laifin naka. Iƙama dai an ba ka. Me kake jira?"

Na ce ina jiran lokacin da ya dace. Ya mai da tabarau, ya taka keke, ya ce, "Ga maƙwabtana nan bayan katanga, duk lokacin da ya dace suke jira."

Ban faɗa ba a wannan makon, ban faɗa ba a na gaba. Kullum in shirya maganar a mota, in na buɗe baki sai wani labarin banza ya fito, shi kuma ya yi ɗan murmushi don kada in ji kunya. Ana haka ya sanar da mu cewa ya yanke shawara. Kwanonin za su koma ƙasarsu, wani gidan ajiye kayan tarihi zai karɓe su, kuma za a turo masani daga Japan ya duba ya tafi da su. 'Yarsa ta yi ta roƙonsa ya bar ko ɗaya. Ya ce wanda ba zai iya riƙe amana ba sai ya mai da ita tun da sauran shida.

Ni na ɗauko masanin a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid. Wani siririn dattijo ne mai furfura, da 'yar jaka ɗaya. Ya rusuna mini, na rusuna masa, ya ƙara rusunawa, na ƙara, da ba don mai gadi ya ce mu matsa da mota ba da har yanzu muna can. Dariyata ta ƙarshe ke nan a wannan rana.

A ɗakin Baba ya durƙusa a kan ƙyalle, ya cire agogo, ya wanke hannu. Ni ke miƙo akwatuna. Kowane kwano sai ya sunkuya masa kafin ya ɗauka, kamar mai gai da surukai, kuma ba ya ɗaga shi sama da tafin hannu ɗaya daga ƙasa. Da aka zo kan baƙin, Baba ya yi masa bayani da harshensu, yana nuna buta, yana nuna hannayensa. 'Yar tana gefe, ta ce a faɗa da Turanci ita ma ta ji.

Masanin ya fito da madubin ƙara girma da 'yar fitila. Ya bi tsagar daga ƙasa zuwa sama. Kusa da baki ya tsaya, ya daɗe. Ya ce tsagar sabuwa ce, shayi bai shige ta ba. Ya ce a inda ta fara akwai ɗan ɗigo, ƙanƙane kamar kan allura, irin wanda ƙaramin abu mai tauri ke bari. Ya dubi butar, mai faɗin ciki kamar tulu, ba wani tsini a jikinta da zai bar irin wannan ɗigo. Sannan ya juyo zai miƙo mini murfin akwati, idonsa ya sauka a hannuna. Shekara ashirin zoben nan yana yatsana, ya bar farin zagaye da ko makaho zai gani.

Ya dubi zagayen, ya dube ni. Ya juya ya rusuna wa Baba, ya ce a can akwai masu ɗinke irin wannan ciwo, kwanon zai rayu.

Da ya tona ni da ya fi mini sauƙi. Na kai shi masauki, sigina tana ta aikinta.

Washegari da hantsi za a tafi da kayan. An jera akwatunan bakwai a cikin wani babban akwati mai soso, an rufe. Baba yana zaune a gefen akwatin da kofinsa na roba. 'Yarsa ta fita. Na shiga na durƙusa a gabansa, na zaro zoben daga safa na sa masa a tafin hannu.

Na ce, "Baba, ni na fasa kwanon nan. Ba buta ba ce. Bayan ka tafi alwala na duba shi a taga, lafiyarsa ƙalau. Na ƙwanƙwasa shi da wannan zobe, yadda uwata ke yi wa tukwane, ina kallo ya tsage. Na ji tsoron iƙama na yi shiru. Hannayenka ba su yi komai ba. In kora ce ka kore ni, na cancanta."

Ya juya zoben a hannunsa. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Na zaci kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda rabon da in ji ta tun ranar buta.

Ya ce, "Ya kazzab! Ya kazzab! Wannan ta fi ta ƙwai a kan mota. Har da uwa maginiya? Yaushe ka ƙera ta? Shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin ta ba."

Gaskiyarsa. Na ba shi labarin kawuna da ya yi kokawa da kada, na ba shi na kakata da ta haifi 'yan bakwai, amma na Inna da yumɓunta ban taɓa ba shi ba. Kunyar sana'ar nake ji.

Na ce, "Baba, ka tambayi baƙon nan, ya ga wurin."

"Baƙo mutum ne mai ladabi, duk abin da ka roƙe shi zai faɗa. Ni na ji ƙarar da kunnena, ɗana. Ni na ji hannuna ya fizga."

"To ka taɓa yatsana ka ji wurin zoben. Me ya sa na cire shi?"

"Don ka shirya wannan ƙarya da kyau. Na san aikinka, ba ka fita farauta ba guzuri."

Na miƙe na ɗauko Alƙur'ani daga kan kanta. Da alwalata. Ban taɓa yin haka ba a rayuwata, duk rantse-rantsena na baki ne. Ya ji motsin, ya gane. Dariyar ta ɗauke. Na buɗe baki zan fara, sai ya lalubo fuskata ya toshe mini baki da tafin hannunsa.

Ya ce, "Kul. Ajiye. Ba za ka shiga wuta don ka faranta wa tsoho rai ba. Na ji abin da kake so ka yi mini, Allah Ya saka maka, ko 'ya'yan cikina ba wanda ya yi tunanin haka. Amma in ka rantse a kan Littafin nan, ban yafe maka ba duniya da lahira."

Hannun yana rawa a kan leɓena. Na yi magana a cikinsa, ban san ko ta fita ba. Bai ɗauke ba sai da ya ji na mai da Alƙur'anin wurinsa. Sannan ya kamo yatsana, ya yi ta fama yana kuskure har ya mai da mini zoben da kansa.

Ya ce, "Tashi ka kai su, kada jirgi ya tashi. Ka bi a hankali wajen masu ginin nan, sun sake haƙa rami."

Na kira mai gadi muka kama akwatin. Har muka kai ƙofa yana ce mana a hankali, a hankali, ya cusa hannayensa a hammata.